Abin da Barira Ta Bari

Shekara biyu yana jingine da katangar gabas
tun ranar da aka fita da yayata Barira ta ƙofar zaure,
ban san sunansa ba.
Ita ma ban taɓa jin ta ambata ba,
sai dai da asuba in ji ta: "Kai, ka sha?"
tana juye masa ragowar ruwan buta.

Furensa shuɗi ne, amma ba shuɗin rini ba,
irin na farar riga da bula ta yi wa yawa,
ko samaniyar Birni bayan ruwan fari
sa'ad da duwatsu ke fitar da tururi.

Na karyo reshe na kai wa Nomau a marina.
Ya juya shi, ya shinshina, ya yi dariya.
"Wa ya ce maka baba ne?
Baba furensa ja-ja ne, shuɗinsa a ganye yake ɓoye,
sai an daka, an jiƙa, an jira.
Wannan ya shanya nasa a fili,
ko zare ɗaya ba zai rina ba."

Na hau kabu-kabu har garkar Kyari, hanyar Mirya.
Bai karɓi reshen ba, hannun rigata ya duba:
fure uku sun maƙale, sun biyo ni ban sani ba.
"Ga shaidarsa nan.
Gindin furen gashi ne mai danƙo,
ƙarangiya ce da aka koya wa kunya.
Ƙirga leɓunansa, biyar ne.
A takarda fulumbago ake ce masa,
'yan matan unguwarmu kuwa, ɗan kunnen kyauta."

Sai ga Barira a idona, bakin murhu,
da ɗan shuɗi liƙe a kunnen hagu,
ina ce mata ta girmi wannan wasa.

"Aski yake so," in ji Kyari.
Na ce amana ce, ba na sa mata ƙarfe.
"Amanar kake shaƙewa.
Tsohon reshe ya gama magana, fure na sabon toho ne.
Bari ɗari ya wuce, kada ka bari zafi ya kankama.
Busasshe, bi shi har gindi.
Biyu da suka gitta suna gogar juna, zaɓi ɗaya.
Saura ka rage musu sulusi,
a karkace, saman ido, kada ruwa ya kwana a yankan.
Ka naɗe hannu da tsumma, ruwansa na cin fata."

Ranar Lahadi na wasa almakashi a dutsen tsakar gida.
Reshen farko ya yi ƙas, na waiwaya
kamar wani zai tsawata mini daga ɗaki.
Na biyu bai kai shi nauyi ba.
Can ciki, inda rana ba ta shiga,
na tarar da ƙyallen zanenta, mai zanen tsuntsaye,
ta ɗaure kara da ƙusa don kada iska ta kwantar da shi.
Karan ya yi ƙiba, ƙyallen ya nutse cikin ɓawo.
Na daɗe a tsugune.
Shi ma na yanke.

Da la'asar katanga ta fito tsirara, duk tsagoginta.
Zinatu ta dawo daga lakwal, ta jefar da jaka:
"Baba ya kashe furen Gwaggo!"
Ba ta ci tuwo ba ran nan.

Famfo ya ƙafe kwana tara.
Bido biyu nake saye wurin mai kura,
ɗaya na tukunya, ɗaya na kowa,
shi kuma ruwan wankin shinkafa da na alwala.

Jiya ta ja ni da riga tun ban sa takalmi ba.
Toho bakwai, ta ce. Na ƙirga shida.
Kowanne bai kai ƙwayar gero ba, kore shar, saman ido,
daidai inda Kyari ya faɗa.
Shuɗi dai tukuna.
Sunan takardar ya riga ya fara kuɓuce mini.
Ƙyallen yana cikin aljihun rigar Juma'a,
ban san abin da zan yi da shi ba.